Dutsen da Ke Karkata Rafin Kasko

"Wangale tagar nan," in ji Orval daga kan gado. "Me ka ji?"

Delbert, maƙwabcinsa, ya kasa kunne. "Ban ji komai ba."

"To, ai shi nake gaya maka, tsohon ɓarawo."

Wanda, matar Orval, ta dire kofin shayi da ƙarfi. "Likita ya ce kwana biyu suka rage maka, kai kuma a kan lambatu za ka ƙarar da su?"

"Rafi ne, Wanda, rafi!"

Maganar gaskiya, Rafin Kasko bai kai a yi faɗa a kansa ba, ko ɗan maraƙi tsallake shi yake yi. Daga wata maɓuɓɓuga yake fitowa a kan tudun bayan gidajensu, sai ya rabu biyu: hannu ɗaya ya bi ta ƙarƙashin tagar Orval, ɗaya ta makiyayar Delbert, su sake haɗewa a gindin gada kafin su faɗa babban kogi. A kwarin nan, hannun da ya fi ruwa shi ake kira Kasko, ɗayan kuwa ba shi da suna. Shekara arba'in Orval da Delbert kowannensu na rantsuwa nasa ne rafin.

Delbert yana da wani sirri. Akwai faffaɗan dutse a bakin maɓuɓɓugar, kuma duk shekara in ƙanƙara ta narke, yakan lallaɓa da sandar ƙarfe ya karkata shi, ruwa ya kwaranyo gefensa. Bayan 'yan makonni sai ya tarar dutsen ya koma mazauninsa, ya yi ta tsine wa beyar, ƙatuwar dabbar dajin da yake zaton ita ke ture shi. Bana ne kaɗai dutsen ya tsaya inda ya sa shi, gefen Orval ya bushe ƙayau.

"Ni me na sata?" in ji Delbert, yana kallon silin.

"Kana tsammani wa ke mayar da dutsen nan? Ni ne beyar ɗin, sakarai! Tarkon da ka ɗana shekaran bara saura ƙiris ya raba ni da ƙafa." Orval ya yi tari, muryarsa ta yi ƙasa. "Da ƙarar ruwan nan aka haife ni a ɗakin nan, Del. Ba na so in tafi cikin shiru."

Delbert ya ɗauki hularsa. "Ba don kai zan je ba. Don Wanda ta huta ne."

Shekararsa saba'in da tara, ga gwiwa ta daɗe da yi masa tawaye. Sai da rana ta take tsaka ya kai saman tudun. Dutsen ma ya yi taurin kai irin na Orval. Ya danna, ya zage shi, ya sake dannawa da dukan ƙarfinsa, sai ga shi zaune daɓas cikin taɓo. Dutsen ya mirgina fiye da yadda ya so, ya toshe gefen Delbert gaba ɗaya. Ruwa ya kama hanyar gidan Orval a guje, Delbert na ɗingishi a bayansa, har ya ɓace masa.

Ya tarar da Wanda tsaye a baranda, idanunta sun yi ja.

"Ya ji?"

"Ya ji. Ya ce in gaya maka ka makara kamar kullum, kuma sandar ƙarfen nan tasa ce, ka dawo da ita." Ta goge ido da gefen riga. "Daga nan ya juya fuskarsa wajen taga. Shi ke nan."

Delbert ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, sandar tasa ce, sai ya ga babu wanda zai yi musun da shi. Nan ne zuciyarsa ta karye.

Ya jingine sandar a bango, ya zauna a ƙarƙashin tagar da taɓonsa. Can tsallaken shinge, shanunsa sun jeru a bakin busasshiyar hanyar ruwa suna kallonsa, Rafin Kasko kuwa yana ta wucewa ta gaban takalmansa.