Layin da Malam Danda ya bari

Furera ta kama aiki a buron wani proje na agaji a Mayahi wata biyu bayan sojoji sun karɓi mulki, shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fidda kai ba. Ma'aikatan ƙauyuka su ke aiko mata yawan yaran da aka auna dantsensu aka tarar sun rame, ita kuma ta haɗa rapor a kai Maradi. Da rapor ɗin nan ake raba hatsi.

Ordinatar buron, wato kwamfuta, tsohuwa ce, baƙin allo kawai inda ake rubuta umarni. Furera ta saba, duk na'urar da aka ba ta sai ta gyara .bashrc, ɗan fishiyen umarni da na'ura ke karantawa duk sanda aka buɗe allon, ta zuba nata gajerun umarni. Aiki bai ba ta sarari ba sai wata ran Talata da hantsi ta buɗe shi. Wanda ta gada, Malam Danda, ya bar layuka wajen ashirin, na launi da na inda ake ajiya. Na ƙarshen ne ta karanta har sau uku. Ya sauya wa umarnin rapor aiki: kafin ya buga komai, sai ya tsame duk ƙauyen da ramammun yaransa suka haura hamsin.

Ta sa alamar # a gaban layin don ta kashe shi, ta rufe allon, ta sake buɗewa, ta nemi rapor. Ƙauyuka goma sha huɗu suka fito waɗanda ba ta taɓa gani ba, akasarinsu arewa da Issawane. Rapor biyu ita kanta ta aika a haka.

Ta sami Malam Danda ƙofar gidansa, ya dafa sanda saboda shanyewar ɓarin jiki da ta raba shi da aiki. Ta faɗa mai abin da ta gano. Ya ce bara tsohon shugaban buro ya tsorata, wai manya ba su son jin kalmar yunwa, in lissafi ya yi muni za a rufe proje. Shi kuma ya rubuta layin da niyyar gogewa, sai ciwo ya kada shi.

"'Yata, na zaci wata guda zai yi."

"Wata tara ya yi, Baba."

Sabon shugaban buro ya sa hannu a rapor na gaskiya ranar. Bayan kwana goma motocin hatsi suka tashi, Furera na zaune gaban motar farko. A ƙauyuka uku sun tarar da gidaje a rufe da ƙaya, mutane sun yi kudu. A na huɗu mata suka fito da ƙorai. Maigarin ya ce sau shida suna aika sunayen yaransu, ya tambaye ta ko takardun ba su isa ba ne.

Ta ce sun iso.