Numeriyus Ya Sauko Ta Rufi

Numeriyus ya dawo gida a mummunar rana, ko da yake ba laifinsa ba ne. Mutumin da Kartajawa suka kama a yaƙi, suka sayar wa Girkawa, ya share shekaru yana noman zaitun ɗin wani, ina ya ga ta lissafin wata? Sai da ya hawo hanyar garinsu Lanubiyum ya ga jama'a zazzaune a gindin kaburburan da suka jeru a bakin hanya, kowa da kwandonsa, sannan ya tuna. Watan Fabrairu ne, kwanakin matattu, yau kuwa ita ce ta ƙarshe, ranar da muke kai musu abinci. Ɗakunan alloli a rufe, ba a ɗaura aure, ba a hura wuta a murhu. Ga yayyafi tun safe, ga sanyi mai shiga ƙashi.

Ba wanda ya gane shi, shi ma bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ya tafi yana saurayi majiyin ƙarfi, ya dawo ƙashi da fata, gemu rabi fari. Abu ɗaya ne a ransa, uwarsa Salbiya. Duk dukan da ya sha, duk yunwar da ya kwana da ita, abin da ya hana shi miƙa wuya shi ne ranar da tsohuwar nan za ta ɗaga ido ta gan shi a raye.

Ya ratse wajen kabarin mahaifinsa, sai ya ga wani ƙarami a gefensa wanda bai sani ba. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, amma ai kowa ya san zanen sunansa. Kabarinsa ne. A gaban dutsen an ajiye tsingaro, a kansa ɗan gishiri, tsabar alkama, gurasa jiƙe da giyar inabi, da 'yan furanni shuɗɗa. Wani mutum mai sanƙo yana tsugune yana gyara su. Ta ƙeya Numeriyus ya gane ƙanensa.

"Gishirin nan ya yi kaɗan," in ji shi. "Har yau kana nan da rowarka, Statiyus."

Statiyus ya juyo a hankali. Bai yi ihu ba. Ya cusa babban yatsansa tsakanin yatsu kamar yadda muke yi wa fatalwa, ya kau da kai gefe.

"An ba ka naka, Yaya. Ka ci ka koma."

"In koma ina, sakarai? Taɓa ni ka ji."

Statiyus bai yarda ya taɓa ba. Ya lalubi tsakuwa ya jefa, ta sami Numeriyus a ƙauri, shi kuwa ya dafe ƙafa ya ɗura masa zagi irin na gidansu. Da jin zagin nan Statiyus ya zauna daɓas a cikin laka ya fashe da kuka, ƙato da shi.

Da kukan ya lafa ya ba da labari. Wani maƙwabcinsu da ya tsira daga yaƙin ya rantse ya ga Numeriyus ya faɗi da mashi a ciki. Aka yanka alade, aka yi makoki, aka gina kabari ba gawa, aka kira sunansa kamar yadda ake kiran wanda ya mutu a nesa. Tun daga shekarar nan uwarsu ba ta taɓa fashin kawo masa abinci ba.

"To ina take yau?"

"Tana gida, kwance tun lokacin matsar inabi. Ƙirjinta ne. Gurasar nan ma da hannunta ta jiƙa ta, ta ce ni ban san yadda kake so ba."

Numeriyus ya kama hanyar gari kamar zai tashi sama, Statiyus na binsa yana haki, yana bar masa tazara. A hanyar ne Statiyus ya faɗa masa abin da shi ma Numeriyus ya sani, ya dai ƙi tunawa. Wanda aka yi wa makoki ba ya shiga gida ta ƙofa. Ƙofar ta riga ta sallame shi, in ya ƙetara ta mutuwa ce za ta biyo sawunsa. Sai dai a hau da shi rufi a zuro shi da igiya ta kafar da ruwan sama ke sauka. Haka muka taras, kuma ban taɓa jin wanda ya gwada saɓawa ba.

"To a samo igiya," in ji Numeriyus.

"Ba yau ba, Yaya. Yau matattu ke yawo. Gobe ce ranar 'yan'uwa, ranar masu rai. Da hantsi in zuro ka a gaban dangi, a ci a sha. Kwana ɗaya ne fa."

"Kai ka san kwana ɗaya. Ni na san kwanakin da na yi."

A ƙofar gida suka tarar da Pakuliya, matar Statiyus, wadda aka auro bayan tafiyarsa. Mace ce mai baki, amma ba muguwa ba ce. Ta saurari mijinta, ta ƙare wa baƙon kallo daga sama har ƙasa, ta tura 'ya'yanta ciki, ta tsaya ta cika ƙofar.

"Sannu da zuwa, Yaya, in dai kai ne. Shekara da shekaru muna ciyar da kai, amma ka ga yadda ka rame." Ta miƙo masa bargo a kan sanda. "Ka je rumfar jaki ka kwanta. Wuta kam babu, ka san ranar. Kuma don girman alloli kada ka ɗaga murya. An fito da gadon Inna babban ɗaki, bayan bangon nan take."

Da ma ba ta faɗi wannan na ƙarshen ba. Numeriyus ya yafa bargon ya zagaya gefen gidan, ya jingina da bangon da aka nuna masa. Ya yi niyyar yin shiru, wannan kam na yarda da shi. Ya daɗe a tsaye ruwa na ɗiga masa a wuya. Sai tari ya fito ta 'yar tagar da ke saman bangon, dogon tari mai jan numfashi, bayansa kuma ƙaramar murya tana tambayar ko an kai wa yaronta gurasarsa. Zuciyarsa ta karye. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Inna."



"Numeriyus," in ji tsohuwar, ba tsoro ko kaɗan a muryarta. "Ashe kai aka aiko. Na ɗauka babanka zai zo."

"Ba wanda ya aiko ni, Inna. Da raina. Ban mutu ba, bauta na yi, yanzu na dawo."

"Haka kake ce min kullum a mafarki. Jira ni kaɗan, ɗana, in shirya."

Ya ji Pakuliya tana lallashinta ta sha romo, ya ji tsohuwar tana cewa a bar wa yara, ita kam ta gama da wannan. Tana cewa a ɗauko mata farin mayafinta, a kwance mata gashi. Matar da ta yi wata da watanni tana kokawa da ciwo, tana zagin mai magani, yanzu murna ce fal a bakinta.

Numeriyus ya ruga ƙofa. Statiyus ya tare shi da ƙirji, karo na farko da ya taɓa shi.

"'Ya'yana na ciki, Yaya. Sai dai ka bi ta kaina."

"Za ta tafi tana zaton na mutu. In ta gan ni, in ta riƙe ni, za ta gane. Igiya, Statiyus. Yanzu."

"In ta ga kana saukowa daga sama a rana irin ta yau fa?"

"Uwata ce. Ta san jikina."

Statiyus ya dubi matarsa, ita kuwa ta ɗaga kafaɗa, idonta ya kawo ruwa. Ya ɗauko igiyar rijiya, suka jingina tsani suka hau. Rufin ya jiƙe sharkaf, santsi kamar an shafa mai, suka rarrafa da hannu da gwiwa har bakin kafar. Maƙwabta da ke dawowa daga kaburbura suka tsaya a titi da kwandunansu suna kallo. Wata tsohuwa ta rufe idon jikanta da tafin hannu.

Aka ɗaura masa igiya a hammata. Statiyus ya tokare ƙafa yana saki kaɗan-kaɗan. Ƙafafun Numeriyus suka fara shiga, sannan sauran jikin, yana juyawa a hankali cikin ɗan hasken yamma, yayyafi na sauka tare da shi. Ya dira cikin ramin tara ruwa da ke tsakar ɗakin, ruwan ya kai masa idon sawu. Ga murhu a mace, ga 'yan gumakan gida a mazauninsu na da, ga gado. Tsohuwar da ke kai ta ƙanƙance har ya kusa kasa gane ta, amma idanun nata ne, kuma suna kansa.

"Kun gani ko?" ta ce da Pakuliya. "Ta sama ya zo."

Ya kwance igiyar ya durƙusa a gaban gadon, ya kama hannunta da nasa biyu.

"Ji ni, Inna. Nama ne da jini. Al'ada ce ta sa aka zuro ni, ke kin fi ni saninta. Ga Statiyus can a sama riƙe da igiya, ɗaga kai ki gan shi."

Ba ta ɗaga ba. Ta shafa bayan hannunsa da babban yatsanta.

"Wayyo, sanyi ƙalau," in ji ta. "Haka wurin yake? Shi ya sa na ce a ɗauko mayafi."

"Ruwa ne ya dake ni. Rufi na hau."

"Ka tsufa ma. Ban san ana tsufa a can ba." Ta taɓa gemunsa. "Ga rama. Abin da nake aikowa ba ya isa ko? Na sha gaya wa ƙanenka ya riƙa cika tsingaron."

Ya ɗora tafinta a ƙirjinsa don ta ji bugun zuciya, amma yatsun sun riga sun daina jin komai. Ya nuna mata tabon bulala a kafaɗarsa. Ya ambaci sunan garin da ya yi bauta, da jirgin da ya kawo shi, da tsakuwar da aka jefe shi da ita ɗazu, har ya miƙo ƙaurinsa ya nuna mata wurin. Pakuliya ta sa baki, Statiyus ya leƙo ta kafar rufi yana rantsuwa da duk allolin da ya sani. Da suka matsa mata, sai murnar ta fara gushewa daga fuskar tsohuwar. Numfashinta ya rikice, idanunta suka shiga yawo daga wannan zuwa wancan.

"In ba kai ba ne ka zo ɗaukata, to wa zai zo?" ta ce. "Ni kaɗai zan tafi? Ban san hanya ba, Numeriyus. Duhu nake tsoro, ka sani."

Numeriyus ya dubi fuskarta. Ya ga abin da yake yi mata, ya kuma ga ba ta da sauran lokacin da za ta koyi wani sabon abu. Baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka sa masa sarƙa. Ya ɗaga wa ƙanensa hannu alamar ya bari.

"Wasa nake miki, Inna," in ji shi. "Ni ne. Ni aka aiko."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ƙara riƙe yatsunsa.

"Ɗan banza, har yau ba ka daina tsokana ba. Da nisa?"

"Babu nisa."

"Babanka yana nan lafiya?"

"Lafiya lau. Yana ta tambayarki."

"To kada ka yi sauri, ka san ƙafafuna."

"A hankali za mu tafi."

Pakuliya ta yafa mata farin mayafin, ta ja yaranta zuwa ɗakin baya. Numeriyus ya zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙun kayansa, yana amsa duk abin da ta tambaya game da wurin da bai taɓa zuwa ba, har tambayoyin suka ƙare. Kafin rana ta gama faɗuwa tsohuwar ta cika, hannunta cikin nasa.