Gwiwar Barewa

Saura mako huɗu gasar tsere gwiwar Barewa ta fara ciwo. 'Yan ƙungiyarsu ne suka sa mata wannan suna, don a gudun mita ɗari takwas ba mai kamo ta. Kocinta kawunta ne, mutum mai saurin faɗa, kullum da usur a wuya. Shi ya kawo ta ɗakin gashin ƙashi da ke ƙarƙashin benen 'yan kallo a filin wasa, mai gado ɗaya da firjin ƙanƙara da dogon madubi.

"Likita, a naɗe mata ita da bandeji. Gobe muna da atisaye."

Likitar, gajeruwar mace da ta shekara goma sha biyar tana duba 'yan wasa, ko kallon bandejin ba ta yi ba. Ta lallatsa gwiwar, ta lanƙwasa ta, ta miƙar, ta tambayi lokacin da ciwon ke tasowa.

"Daga zagaye na uku in muna atisaye, Anti," in ji Barewa.

"Je ki gaban madubi, ki tsaya da ƙafa ɗaya, ki durƙusa a hankali."

Da ƙafar dama lafiya lau. Da ta koma ta hagu sai ƙugunta ya karkace, gwiwar ta faɗo ciki.

"Koci, me ka gani?"

"Na ga tana rawa."

"Gwiwar ba ta da laifi, wahalar wani take sha. Naman ƙugun nan ne ya yi sanyi, ya bar mata aikinsa. In na naɗe ta za ta yi maka gudu gobe da jibi, ranar gasa kuma ka zauna da ita kuna kallo. Ba ni kwana goma ba gudu."

"Kwana goma! Likita, da gaske kike?"

"Ka taɓa ganin na shiga fili na karɓi usur ɗinka?"

Koci ya fita yana ƙunƙuni.

Kwanakin ba su yi wa Barewa daɗi ba. Kullum da safe tana kwance a gefe ɗaya kan tabarma, roba zagaye da cinyoyinta, tana ɗaga ƙafa tana saukewa, alhali tana jiyo takun ƙawayenta a fili.

"Anti, wannan ai ko kakata za ta yi shi."

"To yi min ashirin, mu ga ko kin kai kakar taki."

A na goma sha uku cinyar ta hau karkarwa. Barewa ta yi dariya har da hawaye, daga ranar ba ta sake musu ba.

Rana ta goma sha ɗaya likitar ta bar ta ta yi sassarfa, tana tsaye a bakin fili tana lura da yadda ƙafar ke sauka. Bayan mako guda ta ce wa koci, "Ga 'yarka, sai ka ci gaba."

Barewa ta zo ta biyu a gasar, ta kuma rage daƙiƙa ɗaya da rabi a lokacinta. Ta fito daga fili tana haki, ba ɗingishi.

Ranar Litinin koci ya leƙo ɗakin shi kaɗai, ya turo ƙofa a hankali, ya rage murya.

"Likita, ciwon bayan nan nawa fa, shekara biyu ke nan..."

"Cire takalmi ka hau gado," in ji ta, tana wanke hannu.