Awon Baba Apollos

"In miƙo hannu kuma?" in ji Baba Apollos, yana gyara zama a kujerarsa ta roba a gindin mangwaro. "Ba na'urarki ce ta ce na warke ba? Ko yau ta tuba?"

Keturah ta tsaya da jaka a kafaɗa. Ƙofarsu na kallon tasa a gidan haya ɗaya a Jimeta, kuma tun da ta gama karatun haɗa magunguna suke musu, shi dattijon coci, ita mai kunyar kowa ban da shi. Ranar da ya ce addu'a ta sauke masa hawan jini, a gaban mutanen gida ta ce, "Baba, jiki yana ruɗin mai shi. Na'ura ba ta ƙarya." Ta auna shi, awo ya fito daidai. Ran Lahadi ya miƙe a coci ya ba da shaida, har da sunanta a ciki, ya ajiye ƙwayoyinsa.

Sai daga baya, a wurin aiki, ta gano robar da ake ɗaurawa a dantse ta huje, iska na zurarewa. Duk wanda ta auna da ita, sai awo ya nuna lafiyayye ne. Sabuwa ce yanzu a cikin jakarta.

"A'a, dama dai a sake dubawa ne," ta ce.

"Wani abu ya sami na farkon?"

Matan gida suka dakata da wanki, suna jira. Maganar na bakinta, kuma ba doguwa ba ce.

"Babu komai, Baba. Ya jikin?"

"Jam," ya amsa da Fulatanci yadda aka saba a garin, yana murza ƙeya. "Lafiya lau, Likita."

Ta ga murzawar. Ta ce a ranta sai gobe, in babu mutane.

Washegari da mutane. Bayan nan ya tafi taron dattawa. Ranar Asabar da safe ya faɗi a bakin famfo, buroshi a hannu, kuma kafin Keke Napep ya kai shi asibiti ya cika.

A zaman makoki matarsa, Mama Edna, ta jawo Keturah kan tabarma.

"Kin san kansa ya dame shi tun makon jiya? Na ce ya kira ki. Ya ce, 'In kira ta ta yi mini dariya? Bayan na tsaya gaban jama'a?'" Ta share ido da bakin zane. "Taurin kai ne da shi. Ke dai kin yi naki, 'yata."

Keturah ta buɗe baki. 'Yan zumuntar mata suka shigo da waƙa, Mama ta saki hannunta ta juya wurinsu.

Keturah ta koma wurin wanke-wanke. Faranti ɗaya take ta cuɗawa, ya daɗe da fita, kumfa na gangara mata har gwiwar hannu.