Lambar Surukina a Cikin Gwaji

Ni ne Habibu, mai kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, a wata ƙungiya da ke taimaka wa ɗakunan shan magani na karkarar Madarumfa. Sunan muƙamina a takarda dogo ne, da Faransanci, har layi biyu yake ci. A aikace kuwa ni ne mutumin da ake ƙwala wa kira idan na'urar buga takarda ta tauna takarda, ko shugaba ya manta lambar sirrinsa.

Aikin da ya fi ci min rai shi ne na ranar Litinin. Ungozomomi suna shigar da sunayen mata masu ciki a wata manhaja, saƙon tunatarwa na zuwa awo kuma wata manhajar daban ke aika shi, su biyun ba sa ga maciji. Ni ne zan zauna in kwafo daga nan in zuba a can, suna bayan suna, har idona ya yi ja. Ana nan sai na ci karo da mahaɗi a intanet, wato ɗan shirin da ke ɗebo bayanai daga wannan manhaja ya kai wa waccan da kansa. Wasu bayin Allah ne a ƙasashe daban-daban suka taru suka rubuta shi, suka bar shi a buɗe. Kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya gyara, idan gyaranka ya yi kyau a karɓa a sa sunanka cikin masu gudummawa. Gaskiya wannan na ƙarshen ne ya shiga raina, ba hutun ranar Litinin ba.

Girka shi kaɗai sai da ya ga bayan haƙurina. Kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, rezon intanet ya tafi, wani lokaci su tafi tare kamar sun yi shawara. Na koma ina hawa moto, ɗan babur ɗina, in je bakin tafki inda rezo ya fi ƙarfi, in zauna gindin bishiya da ordinater a cinya, masunta na gyaran komarsu suna kallona da tausayi. Da ya tashi aiki sai na tarar bai san kamfanin da muke aika saƙo ta wurinsa ba. Na ce alhamdulillahi, ga ƙofar shiga tarihi. Na rubuta ɓangaren da kaina, na tura musu.

Mai duba gudummawar wata mata ce da ban taɓa ganin fuskarta ba, hoton kyanwa ne a gaban sunanta, don haka nake ce mata Uwar Kyanwa. Ta yi min godiya mai daɗi, sannan ta tambaye ni ina gwajin. Gwaji wani ɗan shiri ne da kake rubutawa ya jarraba aikinka, ya nuna kore idan lafiya, ja idan ka yi shirme. Na rubuta, da lambar wayata. Ta sake dawowa ta ce ta ga na ce muna kusa da iyaka, to yaya lambobin ƙasar maƙwabta? Kaina ya fasu. Mace a wata uwa duniya ta san inda nake zaune!

Lambar Najeriya ɗaya ce tak a kaina, ta surukina Baba Ɗogo na Gabi, tun zamanin da yake tafiya cin rani Jibiya. Tsoho ya daɗe da daina tafiya, sai na yanke wa kaina hukunci cewa pus ɗin nan, wato layin wayar, ya mutu tuntuni. Ban tambayi kowa ba. Saura kuma misalin mace mai ciki da gwajin zai yi aiki da shi. Nan na tsaya na yi wa kaina wa'azi: Habibu, bayanan matan mutane amana ne, ba a wasa da su. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Sai na ɗauko katin awon matata Firdausi na kwafe, tunda ita tawa ce.

Firdausi tana da ciki a lokacin, ƙarami, bai fito ba. Bara ma ta samu, ni kuwa don murna na baza shi a buro wurin aiki da majalisar shayi, har mai gyaran tayar motona sai da ya ji. Cikin ya zube. Mutanen da na yi wa albishir su ne suka yi ta sallama suna jaje, tana zaune tana amsawa kai a ƙasa. Shi ya sa a wannan karon ta riƙe hannuna ta ce in yi mata alkawari ba wanda zai ji, ko nata ko nawa, sai ya nuna kansa. Na yi alkawari har da dafa ƙirji.

Saƙon da na sa a gwajin da Hausa yake: "Sannu Firdausi. Ranar awon cikinki ta kusa, kada ki manta. Allah Ya sauke ki lafiya." Gwaji ya nuna kore, Uwar Kyanwa ta karɓa, sunana ya fito can ƙasan na wasu Turawa da Indiyawa. Na ruga gida na nuna wa Firdausi.

"Su wa za su gani?" in ji ta.

"Duniya duka."

"To in duniya za ta biyo ta nan, ka ce ta taho muna da albasa, ta ƙare."

Abin da ban fahimta ba shi ne, na'urorin masu mahaɗin suna sake gudanar da duk gwaje-gwajen a duk lokacin da wani ya taɓa aikin, ko a ina yake. Ni kuma na bar mabuɗin asusunmu na aika saƙo a cikin gwajin, tsirara. Na yi makonni ina yawo ina hura hanci, sai ga wasiƙa daga Uwar Kyanwa. Cikin ladabi ta ce wani ya lura gwajina saƙon gaske yake aikawa, ta ba da haƙuri da ba ta gani ba tun farko, tana fatan lambar ta bogi ce.

Na buɗe rahoton kamfanin saƙo. Lamba ɗaya ce jere reras daga sama har ƙasa, kowace da alamar cewa saƙo ya isa. Ashe pus yana nan da ransa, rezon Najeriya kuwa har cikin gonakin Gabi yake shigowa. Wani a Brazil ya gyara waƙafi, wayar Baba Ɗogo ta yi ƙara. Wata a Jamus ta canza sunan wani abu, wayar Baba Ɗogo ta yi ƙara. Na so in lallashi kaina da cewa bai iya karatun boko ba, sai na tuna ya yi ajin yaƙi da jahilci, har takardar shaida ya rataye a zaurensa. Gumi ya karyo min duk da fankar da ke kaina.

A ranar na gyara komai. Na sake mabuɗi, na cire sunan matata na sa na wadda ba a haifa ba, na ƙirƙiro lambar ƙarya, na yi wa gwajin kamfanin bogi wanda zai amsa masa ba tare da saƙo ya fita ko ƙofa ba. Uwar Kyanwa ta ce gyaran ya yi kyau, za ta nuna wa sababbin shiga su koya. Kunya ba ta hana ni jin daɗin yabon ba, wannan kam hali ne. Saura in gaya wa Firdausi. Na buɗe baki muna cin tuwo, ta ɗago ta dube ni, na ce miyar ta yi daɗi.

Bayan 'yan kwanaki, da safe ina ɗaure takalmi, na ji sallama a ƙofar gida. Muryar Baba Ɗogo ce. Tsakiyar damina ake, lokacin noman farko, lokacin da manomi ba ya barin gona ko da bikin ɗan'uwa ne. Na leƙa na gan shi ya sauko daga kabu-kabu, ƙafar wandonsa duk taɓo. Wallahi sai da na dubi katangar bayan gida na auna tsayinta.

Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na durƙusa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na tambayi ruwa, na tambayi gero, na tambayi surukata Inna Tani, na koma na sake tambayar ruwa. Yana amsawa idonsa na kan ƙofar cikin gida.

Firdausi ta fito da kwanon ruwa, ta lulluɓe da babban mayafi. Ita ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya dubi fuskarta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon tabarma. Da za ta miƙe sai ta dafa bango, ta tashi a hankali. Nan ya saci kallonta sau ɗaya. Na ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ɗauki kwanon ya shanye ruwan tas.

Ta shige ciki, amma na san ba ta wuce bayan ƙofa ba. Tsoho ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar wayarsa mai ɗaure da roba, ya ajiye a gabana.

"Kai da ka san kan waɗanga abubuwa, duba min. Ta bar magana."

"Baba, ai... gwaji ne. Kuskure anka yi wurin aiki. Ni na yi shi."

"Ban tambaye ka ko mine ne ba," in ji shi. "Ni dai tana ƙara, in tsaya in karanta, in ce amin, in koma bisa aikina. Wata rana sau ɗaya, wata rana har in gaji da cirowa. Ko uwar ban hwaɗa ma ba, na ga ba a so a sani."

Ya murza bakin tabarma da yatsa.

"Wancan karon a kasuwa na ji, bakin mai saida gishiri, bayan komi ya wuce. Ina tsaye da buhu a kai. Shi ya sa da ta yi shiru kwana biyu na kasa riƙe hauya. Na ce shi ke nan, an kuma."

 Duk tsorona a kan kada ya ji ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wanda ke can yana ƙirga lafiyar 'yarsa da ƙarar waya ba. Tausayinsa ya kama ni, kunyar kaina ta fi.

Sai muryar Firdausi ta fito daga bayan ƙofa, da ni take magana ba da shi ba.

"Maigida, ka ce ma Baba lahiya lau nike. Ka ce mishi ran Laraba za ni awo."

Na juya na maimaita masa kamar wani tafinta. Ya gyaɗa kai, ya ja gefen rigarsa ya goge fuska, wai zufa. Ya mayar da wayar aljihu ya miƙe. Na roƙe shi ya tsaya ya ci abinci, ya ce ciyawa ba ta jiran kowa ya ci abinci, ya sa na tsayar masa da kabu-kabu.

Ranar Firdausi ba ta ce min uffan ba, washegari ma gaisuwa kawai na samu, kuma ban ga laifinta ba. Ran Laraba na kai ta awo a moto, na jira ta a inuwa tare da sauran mazan. Da ta fito ba ta hau ba, ta tsaya ta miƙo min hannu.

"Ba ni lambar tashi ta Najeriya."

Na karanto mata. Ta tsaya cikin rana tana dannawa a wayarta, ta goge, ta sake rubutawa, ta kuma gogewa. Daga ƙarshe na hango abin da ta bari: "Baba, an auna. Lafiya lau." Ta tura, ta gyara mayafinta, ta hau bayana ta ce in bi a hankali wurin ramuka.