Gingimarin Baba Na'Allah

Yaya Wakili, mijin yata, irin mutanen nan ne da ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsu. Shi ya ɗauki 'yar gingimarin roba ta Baba ya laɓta mata ragowar fentin ƙofa, kore shar, wai kwalliyar Sallah.

Mahaifinmu, Baba Na'Allah, ya tsufa yana jan gingimari tsakanin Sabon Birni da Maraɗi. Da idonsa ya mutu, ubangidansa ya kawo masa wannan. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, amma komai nata irin na babbar ne, har madubi da 'yan ƙofofi masu buɗewa. Kullum bayan la'asar yakan ɗora ta a cinya yana bin ta da yatsu. Ranar da ta dawo da fenti ya shafa, ya sake shafawa, ƙofa ta ƙi buɗewa, ya ajiye. Abin ya ƙona mini rai. Makaho ake yi wa kwalliyar launi?

Sana'ata sabulu, kuma duk mai haɗa sabulu ta san halin soda: tana cin hannu, amma a robar da muke dama ta take kwana, robar ko gezau. Na ce da ita zan cire fentin.

Wakili ya tuntsire da dariya. "Radiyya, wanga aikin maza na. Tina aka sa ma hwenti, ba kayan wanki ba."

"Yaya, tina tana cin roba."

"Wa yag gaya miki?"

Na ɗauko robar sodata. Na raba motar biyu, na fara jiƙa bodin a ciki, na ajiye kan, wato wurin direba, a taga. Bayan kwana uku na ɗaura leda a hannu, na bi shi da tsohon burushin haƙori. Fentin ya saɓule kamar fatar tumatir a ruwan zafi, ko ƙwarzane babu.

Na juya taga, kan motar ya yi ɓatan dabo. Ashe gwani bai iya jiran kwana uku ba, ya tafi da shi garin Isa ya tsoma a tina don ya koya wa mace aiki. Da ya dawo da shi a ƙunshe cikin hankici, rufin ya lotsa, gilashin ya narke ya manne da sitiyari.

"Robar zamani ta, ba ta da ƙwari," in ji shi, ko kunya.

Na so in ɓoye, amma Baba ya ji muryarmu ya miƙo hannu. Na haɗa na ba shi. Ya bi bodin a hankali, taya bayan taya, har yana murmushi. Da yatsunsa suka iso gaba sai suka tsaya. Ya daɗe yana lalubar wurin da ƙofa take.

"Irin wanga hatsari," ya ce, "direba ba ya hita. Kai ta ɗaki, ɗiyata."

Bai sake tambayarta ba.