Kwana Uku Ba Leƙe

Shekara arba'in Mai Kwalba tana narka gilashi, amma munduwa guda ɗaya tak ta gagare ta. 'Yan kunne kuwa, da zobe, da duwatsun wuya, ko ido rufe za ta yi su. Tun tana budurwa take tsince kwalabe a bayan kamfanin lemo, tana dakawa, tana zubawa a mazubin yumɓu, tana gasawa a tanderun da babanta mai walda ya ƙera mata da tsohon duro. Daga nan sunan ya bi ta, har jikokinta ba su san na yanka ba.

Matsalar munduwa kauri ne. Ɗan kunne, wuni ɗaya ya ishe shi hucewa. Ita kuwa munduwa sai ta kwana uku a rufe, zafi yana sauka a hankali. Iska kaɗan ta shiga, bayanta ya huce cikinta na da zafi, shi ke nan. Mai Kwalba ta san wannan sarai, ita ce ma ke koya wa wasu. Amma baiwar Allah nan ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo! Rana ta biyu na yi, sai hannunta ya fara ƙaiƙayi. "Ɗan leƙe kawai," in ji ta, ta ɗaga murfi kamar faɗin yatsa. Bayan kwana biyu tana zaune sai ta ji ƙas! daga kan kantar shago, munduwa ta tsage. Bokiti guda ta cika da fasassun mundaye.

Ranar da ta ƙona hannu karo na biyu a wata ɗaya, autarta, wadda ke aikin jinya, ta zo ta tsaya a ƙofar shago.

"Umma, ya isa haka. Ki sayar da tanderun nan ki dawo wurina. Akwai mai tukwane da yake so."

"In sayar in ci me, zaman banza?"

"Ki huta mana."

Ran Mai Kwalba ya ɓaci ƙwarai, amma ta ga hawaye a idon 'yar, sai bakinta ya riga ta. "Bari in ƙara gasawa sau ɗaya tak. In munduwar ta tsage, kira mutumin naki ya ɗauka."

Tana faɗa ta yi da-na-sani. Ta daka kwalba shuɗiya har ta yi laushi, ta tankaɗe, ta cika mazubi, ta kunna wuta da hantsi. Da la'asar gilashi ya narke ya kwanta, ta kashe wuta, ta liƙe bakin murfi da yumɓu. Sannan ta aika aka kira mata yayarta, tsohuwar malamar makaranta wadda ko shugaban makaranta shakkarta yake ji.

"Yaya, ga makullin shago. Ko kuka na yi kada ki ba ni."

"Ni kika samu," in ji Yaya, ta ɗaure shi a bakin zane, ta jawo kujera ta kafa a ƙofar shago.

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu Mai Kwalba ta share tsakar gida sau uku, ta wanke tukwanen da ba su yi datti ba, sannan ta matso.

"Yaya, na bar tabarauna a ciki."

"Ga shi nan a goshinki."

"Kamar ina jin ƙauri."

"Hancinki ne. Wuce ki ba ni wuri."

Ta roƙa, ta yi fushi, har ta tono wani faɗan da suka yi tun suna yara. Yaya ko gezau. Daga ƙarshe Mai Kwalba ta zauna a dakali ta fashe da kuka, don tsoro ya kama ta da gaske: in ba wannan ɗakin, ita wace ce?

Da safiyar kwana na huɗu suka buɗe. Tanderun ya yi sanyi ƙalau. Ta fasa mazubi a hankali, ta ciro munduwar, ta wanke, ta ɗaga sama. Shuɗiya shar, ba tsaga ko ta gashin kai. Ba ta yarda ba tukuna. Ta zura a hannu, ta yi mako guda tana wanki da girki da ita, tana kasa kunne. Shiru.

Ranar da Auta ta iso da mai tukwane da motar ɗaukar kaya, Mai Kwalba ta miƙa hannu har gaban hancin 'yar, ta ƙwanƙwasa munduwar da cokali. Ƙara ta tashi siririya, ta daɗe kafin ta mutu.

Auta ta juya hannun uwar, ta duba, ta sake dubawa, sai ta rungume ta.

"To ni fa?" in ji mai tukwane. "Har na biya mai mota."

"Malam, yi haƙuri, tanderu yana da aiki," in ji Mai Kwalba, tana dariya tana share ido. "Yaya, kada ki tafi da kujerar nan. Gobe guda shida zan zuba."